Tudu da Fadama: Sauyin Amfanin Ƙasa da Haɗarinsa a Kwarin Rima

Ƙasar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi iri biyu ce, kuma kowane manomi a yankin ya san su da sunansu: tudu da fadama. Tudu shi ne jigawa mai rairayi, inda gero da dawa da wake ba su da abin dogaro sai ruwan sama. Fadama kuwa ita ce shimfiɗaɗɗen kwarin da gulbin Rima ke malala a cikinsa, mai baƙar laka, mai faɗin kilomita da dama, wadda ruwa ke rufewa a ƙarshen damina, ya janye da shigowar ɗari. Tsohon garin Birnin Kebbi a bakin gangare yake zaune. Wanda ya tsaya ta wajen Dukku a watan Maris ya dubi ƙasa zai ga kore shar har iyakar ganinsa, alhali bayan gari ya bushe ƙayau.

Masana suna sanya irin wannan yanki cikin wuraren da muhallinsu ke da rauni, kuma dalilan a fili suke. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 800 da wani abu ba, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa rani ne. Damina ba ta da tabbas: bana ta yi yawa, baɗi ta ɗauke ana tsakiyar bunni. Ƙasar tudu ba ta da kauri, iska na kwasarta da rani, ruwa na wanke ta da damina. Sannan ruwan gulbin kansa baƙo ne. Daga ƙasar Katsina da Zamfara da Maraɗi yake tarowa, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi da Bunza kafin su faɗa Neja. Abin da aka yi wa ƙasa ko ruwa a can sama, a nan ake ganin sakamakonsa.

Kafin a gane abin da ya sauya, sai an san yadda fadamar take aiki a da. Fili ɗaya ne, amma masu shi suna karɓa-karɓa ne a cikin shekara. Da ruwan fari manomi ke watsa shinkafar gargajiya, jar nan mai dogon kara, wadda ke tsawo tare da ruwa: ruwa ya ƙaru, ita ma ta ƙaru, kanta na sama kullum. A Agusta da Satumba gulbi ya cika ya fantsama, kifi ya bar tsakiyar ruwa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma a ruwa marar zurfi inda abinci ya wadata. Ruwan ya zo da laka mai taushi ya shimfiɗa wa gona, takin da ba a saya ba. Wani kaso nasa kuma ya nitse ƙasa, ya cika rumbun ruwan da rijiyoyi ke sha har bazara.

Da ruwa ya ja baya sai a yanke shinkafa. Kifin da ya maƙale a tafkuna, tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, ya zama rabon masunta, amma ba kowa ke faɗa wa tafki yadda ya ga dama ba. Sarkin Ruwa ne ke sa ranar su. A gefen da danshi ya rage a dasa dankali da albasa da rogo, mai lambu ya kafa jigo yana ɗebo ruwa da guga. Daga ƙarshe shanun Fulani su sauko ta burtali, su ci tattakar shinkafa da ciyawar burgu, su bar kashinsu a gona. Manomi, masunci, mai lambu, makiyayi: kowa da lokacinsa. In shekara ta ɓaci wa ɗaya, da wuya ta ɓaci wa duka huɗun. Wannan tsari ne ya riƙe Kabawa tun zamanin Kanta, kuma a kansa bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

Babban sauyi ya faro ne daga gulbin kansa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya kori mutane daga garuruwansu, ya sa gwamnati ta ƙudurta tare ruwa don noman rani. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Aka kammala ta Goronyo a kan Rima a 1984, wadda ta ninka ta Bakolori girma. Tun daga nan, mafi yawan ruwan da ke isowa Argungu sai ya bi ta ƙofar da hannun mutum ke buɗewa da rufewa.

Dam yana da amfaninsa, ba a musun wannan. Da shi Sakkwato da Birnin Kebbi ke samun ruwan famfo da rani, da shi gulbi ke gudana a watannin da a da yakan tsinke ya zama tafkuna. Sai dai abin da dam ke tarewa shi ne ainihin abin da fadama ke rayuwa a kansa, wato cikar ruwa ta ƙarshen damina da lakar da take ɗauke da ita. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980 ya rubuta abin da ya tarar. Ruwa ya daina kaiwa inda yake kaiwa, kuma bai daɗe a inda ya kai. Gonakin shinkafa sun koma na gero da dawa, waɗanda ba su kai ta daraja ba. Lambuna sun ragu saboda ruwan ƙasa ya yi nisa. Kifi ya yi ƙaranci har masunta suka riƙa tafiya neman ruwa wasu wurare. Waɗannan mutane ba a lissafa da su ba lokacin da ake ƙididdigar ribar aikin. Su ma waɗanda aka karɓi gonakinsu a wurin dam ɗin, rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980, inda manoma da dama suka rasa rayukansu.

Akwai kuma wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan shekaru suka jera ruwa bai cika fadama ba, mutane sukan saki jiki. A yi gona a inda a da tafki ne, a gina ɗaki a inda kakanni ba su taɓa kwana ba. Ranar da ruwan sama ya fi ƙarfin dam, tilas a buɗe ƙofa, kuma ruwan da zai zo a hankali cikin makonni sai ya zo a dunƙule. Haka ta faru a Satumbar 2010, lokacin da ruwan Goronyo ya cinye ƙauyuka da dama a jihar Sakkwato, ya karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gangaro ya mamaye gonaki a Augie da Argungu. Shekara takwas bayan haka, da ranin 2018, ruwan madatsar ya ƙafe har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take ɗauka, hankalin garuruwan da ke sha daga gare ta ya tashi. Dam ɗaya, cikin shekara goma, ya nuna fuska biyun.

A cikin fadamar kuwa, abin da ya sauya komai ƙaramin abu ne da mutum ɗaya ke ɗauka a bayan babur: injin ban-ruwa. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyar bututu, wadda ake kafawa cikin yini guda saboda ruwan ƙasa ba shi da nisa. Jigo ya zama tarihi. Filin da a da ake nomawa sau ɗaya ya koma sau biyu, wani wuri har uku. Sai ga shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a jihar Kebbi a Nuwamban 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da malamin makaranta, kowa ya nemi fegi a fadama. Matasan da suka saba tafiya cin rani suka zauna gida. Kuɗi ya shigo, an yi aure, an je Makka, an rufa ɗakuna da kwano. Duk mai son yankin zai yi murna da wannan.

To amma fadamar da ke aiki huɗu ta koma tana aiki ɗaya, kuma nan haɗarin yake. Irin shinkafar da ake shukawa yanzu, kamar FARO 44, gajere ne, mai saurin nuna, mai yawan tsaba, amma ba ya bin ruwa. Kwanaki kaɗan in ruwa ya rufe kansa, ya ruɓe. A damunar 2020 ruwa ya malale fadamun jihar tun daga Argungu har Bagudo da Yawuri, kuma ƙiyasin da ya fito a lokacin ya kai hekta 450,000 na shinkafa. Manomin da ya ci bashin iri da taki da magani ya wayi gari ba amfani, ba kuma wata sana'ar da zai koma wa, domin tafkin da zai yi su a cikinsa an riga an cike shi an yi gona.

Sauran illolin a hankali suke tafiya, shi ya sa ba a cika jin labarinsu ba. Dubban injuna na zuƙar ruwa daga ƙasa watanni shida a jere, cikar da ke mayar da shi kuwa ta ragu. Alamar farko ita ce manomi ya ga sai ya haƙa rami ya saukar da inji ciki kafin ruwa ya hau. Inda ake ban-ruwa ba magudanar da za ta fitar da rara, rana na shanye ruwan ta bar gishiri, sai a ga fari-fari kamar kanwa a kan kunya, shuka ta tsumbure. Maganin ciyawa da na ƙwari da ragowar takin zamani duk gulbi suke komawa, ruwan da kifi ke ciki, dabbobi ke sha, yara ke wanka. Ruwan da ke kwance duk shekara kuma shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Jan-baki ba baƙo ba ne a fadamar Kebbi. Yaran da ke yini a gona suna kaɗa gwangwani da kyallaye sun fi kowa sanin ɓarnarsa. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, sai wani raunin ya bayyana: noman da ya dogara ga inji, farashin mai ke juya shi.

Makiyayi shi ne wanda ya fi kowa rasa wuri. Lokacin da ya saba saukowa fadama, yanzu lokacin dashen shinkafar rani ne. Burtalin da zai bi an noma shi, mashayar an kewaye ta da albasa. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma filayen da yawa ba a tabbatar da iyakokinsu ba, noma ya shige su kaɗan-kaɗan. Yawancin rigimar da ake kai wa gaban hakimi da sunan ɓarnar shanu, in aka bi salsalarta, rigima ce ta fili da lokaci. Gonar ma ta yi asara, domin kashin shanun da ke gyara ta kyauta yanzu sai an saye madadinsa a buhu.

A kan tudu labarin na itace ne. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen jihar Kebbi sun haura miliyan 3, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Gonar gado da ake rabawa tsakanin 'ya'ya ba ta ƙaruwa, don haka saura ta ɓace. Ba mai iya hutar da gona shekara uku ko biyar kamar da. An sare marke da ƙirya don gawayi, an tumɓuke sabara da kalgo, gawo ya yi ƙaranci a gonaki. Gawo kuwa itace ne da ya dace da manomi: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani ya yi ganye da 'ya'yan da dabbobi ke ci, ƙarƙashinsa kuma ƙasa ta fi ko'ina ƙarfi. Idan ƙasa ta tsiraita, ɗigon ruwan sama na dukanta kai tsaye, fuskarta ta daskare ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga faƙo, gudu yake yi a kai, ya tsaga kwazazzabo, ya kwashi rairayi ya kai fadama. A can rairayin ya binne baƙar laka, ya cike tafki, ya rage zurfin gulbi. Gulbin da ya cika da rairayi ba ya riƙe ruwa da damina, ba ya ajiye shi da rani. A Matan Fada, inda ake bikin Argungu, an taɓa dakatar da kamun kifi a 2006 saboda ƙarancin ruwa. Giwan ruwa irin wanda mutum biyu ke ɗauka da ƙyar sai a ruwa mai zurfi yake girma, kuma sai an bar shi shekaru. Taru mai ƙananan ido da zuba gamalin a tafki ba sa barin ko ɗan da zai girma.

Birni ma na cin ƙasa. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro jihar Kebbi, Birnin Kebbi ya zama babban birninta, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. Tun da fadama ta tare gari ta gefe ɗaya, sai ya miƙe ta kan tudu. Gesse, mai cike da rukunin gidaje da ofisoshi da makarantu, na cikin unguwannin da suka bunƙasa a wannan lokaci, haka Badariya da Bayan Kara, har gari ya haɗe da Gwadangaji ya doshi Kalgo da Ambursa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma da zarar an yanka fuloti a gefen gari, manomin da ke kusa yakan ga sayarwa ta fi masa jira. Da kuɗin ko dai ya sayi gona can cikin daji ya sassabe, ko ya gangara fadama. Ta haka gidan da aka gina a birni ke kayar da itace a wurin da mai gidan bai taɓa zuwa ba.

Abin da ke faruwa da ruwan sama a irin waɗannan unguwanni ana iya ganinsa a kowane hadari na Agusta. A da rairayi ke shanye shi. Yanzu rufin kwano ya tara shi, indararo ya zubo shi kan daɓen siminti, ya fita ta rariya zuwa titi, cikin minti kaɗan layi ya zama rafi. Kwalbatin da leda da robar ruwa suka toshe ba ta ɗauka, sai ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa, ko da an gina katanga a kanta. Kududdufan da ke riƙe rarar ruwa an cike da yawansu da shara an yi gini. Ƙarshen tafiyar ruwan nan, da duk dattin da ya ɗebo, fadama ce, inda ake noman abincin garin kuma ake ɗebo ruwan shansa.

Gyara mai yiwuwa ne, kuma misalansa ba su da nisa. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka ɗauki abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Saiwar na nan da ranta a ƙasa, don haka itacen na girma da sauri, ba ban-ruwa, ba kuɗin dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya samu tabbacin itacen da ya raina nasa ne. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya. Inda waɗannan shirye-shirye za su fi tasiri shi ne gonar mutum, ba dashen bikin da akuya ke cinyewa kafin bazara ba.

Dam ma ana iya sarrafa shi ya yi wa na ƙasa adalci. A arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta busar da fadamar Logone, an buɗe wata hanyar ruwa a 1994 don a maido da cika a wani sashe, sai ciyawa da kifi da kiwo suka farfaɗo. Sakin ruwa daidai gwargwado a lokacin da fadama ta saba samunsa, tare da sanar da ƙauyuka kwanaki kafin a buɗe ƙofa, abu ne da ke buƙatar jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi su zauna da hukumar kogunan a kan jadawali ɗaya. Hukumar hasashen yanayi da ta kula da ruwan koguna suna fitar da hasashe kowace shekara kafin damina. Amfaninsa sai ya isa kunnen manomi da Hausa, kafin ya zuba iri. Dokar hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki kuwa, wadda masarautar Argungu ke tsarewa, ta nuna cewa al'adar keɓe ruwa don kifi ya hayayyafa tana nan da ranta, kuma za a iya faɗaɗa ta zuwa wasu tafkuna.

Shawara mafi nauyi da ke gaban wannan kwari ita ce ta aikin Zauro. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake maganar kewaye fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da ganuwar ƙasa, fili sama da hekta 10,000, a hana cika shiga, a riƙa ba shi ruwa ta magudanai. An yi ɗan gwaji a farkon shekarun 1980, babban aikin kuwa bai tabbata ba, kuma manoma da yawa sun nuna fargabar rasa gonakinsu. Ganuwa na kare abin da ke cikinta, amma ruwan da ta kora ba ɓacewa yake yi ba: gonakin ƙetare da garuruwan ƙasa, ta wajen Kalgo da Bunza, su ne za su karɓe shi. Filin da aka kewaye kuma ya daina samun laka, kifi ya daina ƙwai a cikinsa, ruwan ƙarƙashinsa ya daina cika da kansa. Duk lissafin da za a yi wa irin wannan aiki sai ya haɗa da buhunan shinkafar da za a samu a ciki, da kifin da za a rasa, da shanun da za a tare wa hanya, da tsawon ruwan da zai ƙaru a ƙofar gidajen da ke wajen ganuwar.